Ranar da Bugu Ɗaya Ya Buga Uku

Filaya Auta ta shiga nema a akwatin sifanun Baba, don ta matse hannun tukunyar da ke ta rawa. Sai ta ci karo da katin asibiti a can ƙasa, an naɗe shi cikin tsumma mai baƙin mai. Ta tsuguna nan ta karanta. Yanar ido ta rufe wa Baba idon dama, ta fara cin na hagu. An ba shi ranar da za a yi masa aiki, ranar kuma ta wuce da wata biyu. Bai je ba, bai kuma gaya wa kowa ba.

Nan take abubuwa suka riƙa faɗo mata. Ashe shi ya sa in noti ya faɗi sai ya kira jikarsa ta nemo masa, yana cewa wasa yake koya mata. Ashe shi ya sa ba ya amsa gaisuwa da suna sai ya ji muryar mutum. Ga gwiwarsa kullum da sabon ƙurji, wai bencin gareji ne ba ya zama wuri ɗaya.

Garejin a gaban gidan yake, rumfar kwano ce mai ƙofa biyu. A bango an kafa ƙusoshi, kowace sifana da tata, an zana siffarta da farin fenti don kada a yi musaya. A tsakiya kuma ga baƙin babur ɗin nan da ya girmi Auta da shekara goma sha wani abu, mai ɗan kwale-kwalen ƙarfe manne a gefe da tayarsa guda, inda fasinja ke zama. Duk Asabar abokan Baba ke taruwa a nan, su goma sha ɗaya har da shi, kowa da tsohon babur ɗinsa, a sha shayi a yi gardama kan wanda salansarsa ta fi daɗin murya. Sau ɗaya a shekara kuma su yi jerin gwano zuwa bakin tafki, tafiyar awa biyu, su wuni su dawo. Baba ne a gaba, shekara talatin da ɗaya ke nan.

Doka ɗaya ce tak a ƙungiyar, Baba ne kuma ya kafa ta. Ranar tafiya kowa zai tada babur ɗinsa da ƙafarsa, bugu uku aka ba shi. Yana iya taɓa injinsa tsakanin bugu da bugu, amma ba wanda zai kama masa ko da wanki ne. Wanda ya kasa, a miƙa masa tsintsiya ya zauna gadin gareji. Shi Baba bai taɓa kaiwa ga bugu na biyu ba, shi ya sa ma sunansa ya ɓace, babba da yaro sai Bugu Ɗaya.

Tafiyar bana jibi ce. Kuma tun bara ya yi wa 'yar Auta alkawari, yarinyar da yake kira Tartsatsi, cewa in ta cika shekara shida za ta shiga kwale-kwale, kamar yadda uwarta ta shiga tana shida.

Da yamma Auta ta kai masa shayi. Yana zaune yana goge tanki, ba ya ko kallon inda hannunsa ke bi.

"Baba, na ga katin."

"Wane kati?"

"Wanda ka ɓoye ƙarƙashin sifana sha huɗu."

"Ajiyewa na yi. Ɓoyo na ɓarayi ne." Ya kurɓi shayin. "Sukari ya yi kaɗan."

"Likita ya ce ka rage."

"Likitoci sun faɗi abubuwa da yawa. Auta, hanyar nan na san ta kamar yunwar cikina. Ko rufe mini ido aka yi zan gaya miki inda kowane rami yake."

"Ramukan bara ka sani, Baba. Akuyar da za ta tsallaka jibi fa, ita ma kun saba?"

Ya yi dariya har da buga cinya, sannan ya ɗaure fuska. "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Amsa ta zo mata har bakin leɓe, ta haɗiye ta. Ba a gaya wa uba irin wannan. Ta ce a hankali, "To ka je, amma ka bar mini yarinyar."

"In karya mata alkawari? Ke na karya miki?"

Sai ga Tartsatsi ta shigo da gudu, hular kwano ja a kanta, ta rufe mata gira. Kwana huɗu ke nan tana yawo da ita, har barci sai an yi da gaske take cirewa. "Kaka, saura kwana nawa?"

"Biyu, amarya. In kika makara na sake ki in ɗauki wata."

"Wa za ta yarda da tsoho mai warin fetur?"

Suka tuntsire tare. Auta ta ɗauki kofin ta koma ciki.

Ta kira mijinta, wanda aiki ya kai wani gari mai nisa tun bara, shi ya sa ma ta dawo gidan Baba da zama. Ya saurara har ta gama, ya ce shi dai ba zai iya buɗe baki ya hana surukinsa ba, ta yi abin da ta ga ya dace. Ta tari Hedimasta a bakin ƙofa, tsohon shugaban makaranta ne kuma shi ke riƙe da littafin ƙungiya. Da ta fara zancen ido sai ya cire tabarau ya hau gogewa, ya ce Allah dai Ya sa mu dace. Mai Walda kuwa, aminin Baba tun suna samari, ko tsayawa bai yi ba, wai ya bar wuta a kunne a shago. Ta raka su da harara. Tsofaffin banza, ta ce a ranta, Allah Ya yafe mata. Kowa ya sani, kowa na tsoron a ce shi ya faɗa.

To, ita ba ta da wannan damar. Idan ta hana yarinyar da ƙarfi, Baba zai tafi shi kaɗai a gaban mutum goma da ido rabi. Idan ta yi shiru, za a tafi mata da mutum biyu, kuma su ke nan gare ta a kusa.

Ranar tafiya, da Baba ya fita sallar asuba, ta shiga gareji da tocilan. A nan ta girma. Tana 'yar shekara tara ta iya kwance fulogi, tana sha biyar tana kai babur ɗin nan gidan mai ta dawo. Ta zare wayar, ta sa sifana, fulogin ya fito. Ta ɗora bakinsa a kan benci ta danna sau ɗaya, 'yar ƙofar da wuta ke tsallakawa ta rufe ruf. Ta mayar da shi, ta goge wurin, ta rataye sifanar. Bai kai minti uku ba. Ta koma kicin ta hura wuta.

Bugu uku, a miƙa masa tsintsiya. Zai ji kunya, zai yi kwanaki ba ya magana. Amma zai kwana a gadonsa, 'yarta ma ta kwana a nata.

Kafin ƙarfe takwas layin ya cika. Babura goma sun jeru, wani kore, wani ruwan toka, wani an ɗaure masa fitila da waya, kowanne an wanke shi yana ƙyalli kamar za a kai shi gaisuwar surukai. Maƙwabta sun fito bakin ƙofofi. Mata na miƙa kuloli da butocin ruwa ana ɗaurewa a baya. Aka fara bugu daga ƙarami zuwa babba, kamar yadda aka saba. Na Hedimasta ya tashi a na biyu. Na Mai Walda sai da ya kai na uku yana tari kamar mai shi, aka yi masa ihu.

"Saura ƙiris ka auri tsintsiya!"

"Bakinku ya sari ɗanyen kashi!"

Aka zo kan Baba. Ya turo baƙin babur ɗin tsakiyar layi, ya gyara zaman hularsa, ya buɗe fetur, ya ɗora ƙafa a kan kiki, ƙarfen da ake bugawa a tada injin. Auta na tsaye jikin ƙofa riƙe da hannun Tartsatsi. Ta cusa jakar guzuri a kujerar kwale-kwale tun ɗazu don kada a ga alamar komai, yarinyar kuma ta ɗora hularta a kan jakar, wai ta kama mata wuri.

Ya buga.

Injin ya yi wani gurnani a ciki, kamar mai magana da baki a toshe, ya yi shiru. Layin ma ya yi shiru. Ɗaya bayan ɗaya sauran suka kashe nasu. Wata tsohuwa ta ce, "La ilaha illallahu," kamar an yi mutuwa.

Baba ya sauke ƙafa. Ya karkata kai kamar mai sauraron kiran salla daga nesa. Auta ta zata kan fulogi zai nufa, sai ta ga ya zagaya baya, ya durƙusa, ya zura waya a cikin salansa. Ya jawo wani ƙaton tsumma, ya warware shi, ya bi shi da yatsu, ya kai hanci.

"Tsumma mai huji-huji," ya ce. "Duk ƙunar tartsatsin wuta. Ko wane ne ke aiki da wuta a cikinmu?"

Mai Walda ya ɗaga kai yana duban sama. "Yau kamar za a yi hadari."

"Shekara arba'in ina gaya maka aikinka ba shi da kyan gani."

Aka yi 'yar dariya ta dole. Auta ta saki baki tana kallon Mai Walda. Shi kuwa ya ƙi yarda su haɗa ido.

Bugu na biyu. Wannan karon injin ya juya sarai, amma bai kama ba. Baba ya sunkuya ya shinshina, ya zare tiyon fetur ya girgiza. Ko ɗigo. Ya busa, ya matsa da farce, sai ga wani ɗan shuɗin abu ya faɗo masa a tafin hannu. Ya murza shi.

"Murfin gindin biro ne. An saka shi daidai wa daida, kamar an auna da rula. Wannan aikin mai ilimi ne."

Hedimasta ya cire tabarau. "Ai biro ko'ina akwai shi."

"Haka ne, Malam. Taɓa aljihunka mu ji ko tawada ba ta zuba ba."

Hedimasta bai taɓa ba, amma kowa ya ga shuɗin tabo a ƙirjin farar rigarsa. Wannan karon dariyar ta gaske ce, har da masu riƙe ciki. Baba ne kaɗai bai yi ba. Ya mayar da tiyon, ya bar fetur ya gangara. Ya ɗora ƙafa a kan kiki, Auta ta runtse ido. Saura ɗaya.

Bai buga ba. Ya sauke ƙafar.

"A bugu na biyu ban ji wuta ba," ya ce, kamar da kansa yake magana. "Ko fetur babu, akwai yadda wuta ke yi."

Ya shiga gareji, ya miƙa hannu bango ba tare da lalube ba, ya ɗauko sifanar. Da ya ɗora ta a kan fulogin ya ja, sai ya tsaya. Ya daɗe a haka. Sannan ya kwance shi, ya bi bakinsa da farcen babban yatsa.

"An ɗaure da hannu, sannan aka ƙara kwata da sifana. Ba a wuce ba, ba a gaza ba. An goge wurin. An mayar da sifana kan ƙusarta." Muryarsa ta yi ƙasa. "Mutum ɗaya na koya wa haka ya riƙe."

Bai juyo ba, bai kira suna ba. Da ma ya zage ta ya fi mata sauƙi. Ta ƙara damƙe hannun yarinyar har sai da ta ce, "Umma, zafi."

Ya ciro tsohuwar reza daga aljihu, ya buɗe bakin fulogin, ya gwada da farce, ya ƙara kaɗan, ya mayar. Ya hau. Ya buga.

Babur ɗin ya ɗauka da wata irin tsawa da ta sa kaji watsewa. Layin ya kaure da tafi da guɗa. Mai Walda ma tafi yake yi, idonsa fal hawaye, bai san yana yi ba. Baba ya miƙe zaune a kan sirdi, ya murza mai sau biyu, ya waiwaya wajen kwale-kwale, ya dafa jar hular nan.

"To amarya, riƙe da kyau. Kin ga mijinki bai ba ki kunya ba."

Tartsatsi ta ƙyalƙyale daga bakin ƙofa. "Kaka! Ga ni nan fa! Da jaka kake magana!"

Ita kaɗai ta yi dariyar. Tafin ya mutu a hannun mutane. Hannun Baba na kan hular, ya ɗan shafa ta, ya gangara ya taɓa igiyar jakar. Injin na ta bugawa a ƙarƙashinsa, dum, dum, dum, ba wanda ya motsa. Auta ta ga kafaɗunsa sun sauka. Abin da ta roƙa ke nan tun shekaranjiya, ga shi ya zo, ta rasa inda za ta sa kanta.

Ta saki yarinyar ta isa gare shi. Ta durƙusa gefen tayar gaba, inda shi kaɗai zai ji.

"Baba, ka yafe mini. Amma ko sau goma ne zan sake."

"Na sani," ya ce. "Haka uwarki take." Ya ja numfashi. "Ku uku. Da kun haɗa baki ma da kun yi aiki ɗaya mai kyau."

Bai kashe injin ba. Ya ɗaga murya. "Malam! Kai ka rubuta dokar nan. Me ta ce?"

Hedimasta ya gyara tsayuwa kamar a gaban aji. "Ta ce mai babur ya tada abinsa da ƙafarsa, cikin bugu uku."

"Na tada?"

"Ka tada."

"Ta faɗi wanda zai tuƙa?"

Hedimasta ya girgiza kai. "Ba ta faɗa ba."

Baba ya sauko a hankali, hannu ɗaya riƙe da mai don kada ya mutu. "Auta, kama nan."

"Ni? Baba, rabona da shi shekara bakwai."

"Shi bai manta ki ba."

"Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe!" in ji Mai Walda, yana share fuska da tsumman nan nasa mai huji, ya bar baƙi a kumatu.

Auta ta dubi hannun babur ɗin, ta dubi 'yarta da ke tsalle wuri ɗaya. Ba ta karɓa ba tukuna.

"Da sharaɗi. Litinin da safe muna asibiti, ni da kai, a ba mu sabuwar rana. Kuma a gaban abokanka za ka amsa."

"Ji 'yar nan, a tsakiyar titi za ki yi mini ciniki?"

"Injin na cin mai, Baba."

"Na amsa. Kama, hannuna ya gaji."

Ta kama. Ta ce kada kowa ya shiga tukuna. Ta shiga gida da sauri bayan Baba ya sake riƙe mata, ta sa wando a ƙarƙashin doguwar riga, ta ɗaure gyale a ƙugu, ta ɗauko tsohuwar hularta daga saman kabad, ƙura ta yi mata fari. Ta zagaya layin ita kaɗai sau biyu. A na farko kwale-kwalen ya ja ta dama kamar yadda ya saba, ta kusa shiga kwatar maƙwabta, matan suka yi salati. A na biyu kafaɗunta suka tuna. Ta gwada birkin gaba, ta gwada na baya, ta tsaya cak a gaban ƙofa.

Sannan ta cire jakar ta miƙa wa Hedimasta. Baba ya naɗe dogayen ƙafafunsa ya shiga kwale-kwale, gwiwoyinsa kusan a haɓa, yana mitar cewa wanda ya ƙera wurin nan bai san darajar manya ba. Aka tuna masa shi ya ƙera. Ta zaunar da Tartsatsi a gabansa, ta ɗaure mata hula, ta sa yatsa biyu ƙarƙashin igiyar ta ji, ta ƙara matsewa. Ta kamo hannuwan Baba ta zagaya su a ƙugun yarinyar.

"Wannan ne aikinka yau. Kada ka saki."

"To, Hajiya direba."

Sauran suka sake tada nasu, ba wanda ya ƙirga bugu. Suka fita daga layin, suka bi ta gaban kasuwa, suka haye gada, gidaje suka fara ja baya, gonaki suka buɗe. A madubi tana hango fitilu goma a jere, ba wanda ya yi yunƙurin wuce ta duk da tafiyar hawainiyar da take yi. Tartsatsi na ta ihu tana gaya wa kakanta abin da take gani, ga shanu, ga jar mota, ga wani mutum ya ɗauko katifa a keke. Shi kuwa ya rufe idanunsa, ya karkata kai wajen injin.

Da suka fara hawan tudu ya buga jikin kwale-kwalen da gwiwa.

"Auta! Sauko giya ta biyu, ba ki ji yana kuka ba?"

"Hannu, Baba!"

"Yana nan, ban saki ba. Ki sauko, na ce!"

Ta sauko.